Jituwar Suna da Fi'ili da Lamiri a Turancin Ingilishi

Duk malamin da ya taɓa zama da jar tawada yana duba insha'in ɗalibai na Turanci ya san akwai waɗansu kurakurai masu taurin kai. Ka gyara su a aji ɗaya, ka sake tarar da su a aji biyar, wani lokaci ma har cikin takardar ɗalibin da ya kusa fita ya zama malami. Yaro ya rubuta "My father he go to the farm", ko "The informations are true", ko kuwa "This is the man whom I saw him". Sau da yawa malami ya kan ɗauka sakaci ne, ya ja layi ya wuce. Nufin wannan takarda shi ne a nuna cewa tushen waɗannan kurakurai ɗaya ne, watau hanyar da Turanci ke ɗaure suna da fi'ili da lamiri ta saɓa wa hanyar Hausa. Sa'an nan kuma a nuna cewa cikin Turancin kansa ƙa'idodi uku ne ke ja-in-ja a kan wannan ɗauri, har masu harshen ma ba kullum su ke shiryawa a kansu ba.

Zan yi amfani da kalmomin nahawun Larabci, don yawancin masu karatu sun saba da su tun daga Ajurumiyya. Fi'ili shi ne abin da littattafan makaranta ke kira aikatau, lamiri shi ne wakilin suna, mufuradi shi ne tilo, fa'ili shi ne mai aikata aikin, maf'uli kuwa wanda aikin ya faɗa wa. Jituwa kuma ita ce wata kalma ta canza kama don ta dace da wata kalmar da ke cikin jimla ɗaya da ita.

Mu fara da gida. Bahaushe ya kan ce "Audu ya tafi", "Binta ta tafi", "Yara sun tafi". A duba da kyau: kalmar "tafi" ba ta motsa ba ko kaɗan. Ɗan lamirin da ke gabanta shi ne ya ɗauki kayan duka, shi ya faɗa mana namiji ne ko tamace, ɗaya ne ko da yawa, shi ne kuma ya nuna aikin ya wuce. Ba a iya jefar da shi a ce "Audu tafi", ko da ya ke a irin su "Audu na zuwa" da "Audu kan zo" wani sashe nasa ya kan faɗi. A Turanci babu wannan ɗan tsakani. Suna ya kan zauna kafaɗa da kafaɗa da fi'ili, lamiri kuwa ba ya shigowa sai suna ya fita, don aikinsa ya tsaya a madadin suna ne. Saboda haka ɗalibin da ya rubuta "My father he went" ya yi biyayya ne ga nahawun da ya sha a nono. Turawa ma su kan faɗi irin wannan cikin hira idan suna so su ɗaga sunan su jawo hankali gare shi, amma a rubutu ba a karɓarsa.

Akwai wani bambanci da ya fi wannan ban sha'awa. Inda fi'ilin Hausa ke canza kama, abin da ke biye da shi ya ke dubawa. Mu kan ce "ya sayi doki", "ya saye shi", "shi ne ya saya". Wannan shi ne halin aji na biyu cikin azuzuwan fi'ili da F. W. Parsons ya tsara a 1960. Fi'ilin Turanci ba ruwansa da maf'uli: "He bought a horse", "He bought it", duk ɗaya. Idan zai canza, fa'ilinsa ya ke waiwaye. To, ɗalibinmu kunnensa ya saba da sauraron abin da ke zuwa bayan fi'ili, ga shi ana bukatar ya riƙa tuna abin da ya riga ya wuce.

Jituwar da ta rage a Turancin yau kufai ne na babban gida. Shekara dubu da suka wuce, fi'ilin waƙa ya kan fito da kama huɗu a lokaci mai ci: "singe" ga mai magana, "singest" ga wanda a ke yi wa magana, "singeth" ga wanda a ke magana a kansa, "singath" ga jam'i. Sunaye ma suna da ƙarshe iri iri masu nuna fa'ili da maf'uli da mallaka, kamar yadda i'irabi ke yi a Larabci. Amma da ya ke Turanci a kan gaɓar farko ya kan dora nauyin murya, sai gaɓoɓin ƙarshe suka yi ta raunana har suka zama iri ɗaya a kunne. Cuɗanya da mutanen ƙasashen Sikandinebiya, waɗanda suka zauna a arewa da gabashin Ingila tun ƙarni na 9, ta ƙara wa abin sauri. Bayan da Normawa suka ci ƙasar a 1066, Faransanci da Latin suka riƙe fada da kotu da yawancin rubutu, Turanci ya zama harshen talakawa ba mai tsare shi. Harafin "s" da mu ke fama da shi yau daga karin harshen arewacin Ingila ya gangaro, ya ture "eth" ta kudu sannu a hankali. Shakespeare, wanda ya mutu a 1616, yana amfani da duka biyun. Fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 kuwa ta tsaya a kan "eth".

Abin da ya saura ke nan: "s" guda ɗaya a kan fi'ili, idan fa'ili mufuradi ne na mutum na uku kuma lokaci mai ci ne, sai fi'ilin "be", wanda ya riƙe "am", "is", "are", "was", "were". A lokacin da ya wuce sauran fi'ilai ba su jituwa da kowa. Haka kuma "can", "may", "shall", "must" ba su ɗaukar "s", don asalinsu kamar lokacin da ya wuce gare su.

Mai karatu zai ce, abin da bai fi harafi ɗaya ba, me ya sa ya gagara? Dalili na farko shi ne harafin yana aiki biyu masu saɓa wa juna. A kan suna jam'i ya ke nunawa, a kan fi'ili mufuradi: "The boy runs", "The boys run". Yaro mai hankali, wanda aka koya masa jiya cewa "s" alamar yawa ce, shi ne zai rubuta "The boys runs", kuma a ganina ya fi wanda bai sa "s" ko'ina ba tunani. Na biyu, lafazi. Kalmomin Hausa galibi da wasali su ke ƙarewa, ba mu kuwa tara baƙaƙe uku a ƙarshen kalma, saboda haka "asks" da "wants" da "helps" su kan zube a baki kafin su kai ga alƙalami. Ga shi kuma harafin sauti uku gare shi, kamar yadda za a ji a "walks" da "runs" da "watches". Na uku, harafin ba ya ƙara wa jimla ma'ana. Wanda ya ce "He go" kowa ya gane shi. Binciken Roger Brown na 1973 a kan yaran Amurka masu koyon harshen iyayensu ya nuna wannan "s" tana cikin abubuwan da ke zaunawa a makare, kuma Heidi Dulay da Marina Burt sun sami haka a 1974 ga yaran da Turanci ya zame musu harshe na biyu. Kada malami ya ɗauka ajinsa ne kaɗai aka yi wa baki.

A wuri guda kam Hausa ta kan taimaka, in an san yadda za a jawo ta. Idan ɗalibi ya rubuta "Does he goes?" ko "He did not went", a nuna masa cewa "does" da "did" aikin "ya" da "yana" su ke yi: su ne suka ɗauki mutum da lokaci, fi'ilin da ke bin su sai ya zauna tsirara kamar "tafi". Kaya ɗaya ba a ɗora shi a kan jaki biyu.

Yanzu mu zo ga ƙa'idodin nan uku. Randolph Quirk da abokan aikinsa uku, cikin babban littafinsu na nahawun Turanci na 1985, sun rarrabe su kamar haka: jituwa bisa ga kamar kalma, jituwa bisa ga ma'ana, da jituwa bisa ga kusanci. Ta farko ita ce wadda a ke koyarwa a makaranta, watau fa'ili mufuradi ya sami fi'ili mufuradi, jam'i ya sami jam'i. Da ita kaɗai ce da aiki ya yi sauƙi.

Ta biyu ba baƙuwa ba ce gare mu. Bahaushe ya kan ce "Jama'a ta taru", ya kan kuma ce "Jama'a sun taru"; a ta farko ya dubi kalmar, a ta biyu ya dubi mutanen. Haka Baturen Ingila ke yi da "committee", "government", "family", "team". Zai ce "The committee has met" idan ya ɗauke su abu guda, ya ce "The committee have disagreed" idan yana ganinsu ɗai ɗai suna gardama. Mutanen Amurka sun fi son mufuradi a duka biyun. Abin da malami zai tsare shi ne kada ɗalibi ya canza doki a tsakiyar jimla, ya fara da "has" ya ƙare da "their". Ma'ana ce kuma ta sa a ke cewa "Ten years is a long time" da "Bread and butter is all he ate", don shekarun an dunƙule su tsawo guda, burodi da man shanu kuma abinci guda. Ita ce ta raba "A number of pupils are absent" da "The number of pupils is small": a ta farko ɗalibai a ke nufi, a ta biyu adadin. Amma kada a ɗauka ma'ana ce ke yin nasara kullum. "More than one pupil has failed" ɗalibai biyu ko fiye ta ke nufi, duk da haka "has" a ke sawa. Irin wannan sai hadda.

Ta uku ita ce mai rikici, don wani lokaci ƙa'ida ce, wani lokaci kuwa kuskure. Idan aka haɗa fa'ili biyu da "or" ko "nor", an yarda fi'ili ya bi na kusa da shi: "Either the teacher or the pupils are wrong", "Neither the pupils nor the teacher is wrong". Amma idan wani suna ya kutsa tsakanin fa'ili da fi'ilinsa ya janye fi'ilin zuwa gare shi, kamar a ce "The price of the books are high", wannan ba a karɓa. Turawa haifaffu ma su kan faɗa wannan rami. Kathryn Bock da Carol Miller sun gwada abin a 1991, suka tarar kuskuren ya fi aukuwa idan fa'ili mufuradi ne sunan da ya kutsa kuma jam'i. Idan aka juya, fa'ili jam'i mai kutse mufuradi, da wuya a yi tuntuɓe. Maganinsa a aji shi ne a saba wa ɗalibi da rufe abin da ke tsakani da yatsa, ya karanta "The price is high", sa'an nan ya ɗaga yatsan.

A nan ya kamata a ambaci kalmarmu "da", wadda ke aikin "and" ta kuma yi aikin "with". Turanci ya raba su. "The headmaster and his teachers were present" jam'i ne, amma "The headmaster, together with his teachers, was present" mufuradi ne, haka ma "as well as". Wani abin kuma: Bahaushe ya kan ce "Mun je kasuwa da Audu" alhali su biyu ne kawai, shi da Audun. Idan ya juya wannan ya ce "We went to market with Audu", Bature zai ƙirga mutum uku aƙalla. Wannan kuskure jar tawada ba ta kama shi, don jimlar lafiyarta lau, ma'anar ce ta kauce. Haka nan "akwai" ba ta canzawa ko abu ɗaya ne ko dubu, "there is" da "there are" kuwa sai an duba sunan da ke biye.

Kafin a san fi'ilin da za a sa, dole a san ko sunan mufuradi ne ko jam'i, kuma harsunan biyu ba su yanka duniya a gaɓa ɗaya ba. Muna da labari da labarai, shawara da shawarwari, amma "news", "advice", "information", "furniture", "luggage", "equipment" ba a ƙirga su a Turanci, mufuradi ne har abada, ko da "news" ta ƙare da "s". Ɗaliban Nijar wahalarsu biyu ce a nan, don Faransanci yana jam'inta yawancin waɗannan. "Kuɗi" asalinsa jam'in "wuri" ne, shi ya sa har yanzu a kan ji "kuɗin sun ƙare", "money" kuwa ba ta karɓar "are". Ta ɗaya gefen, "police", "cattle", "people" jam'i ne ba tare da wata alama ba, "trousers" da "scissors" jam'i ne ko da wando ɗaya ne, almakashi ɗaya. Sa'an nan mu kan ce "kwana uku", "shekara goma", "mutum biyar", mu bar sunan a mufuradi tun da adadi ya riga ya yi bayani. Daga nan ne "three day" da "ten year" ke fitowa.

Sauran magana a kan lamiri ne. Hausa ta raba kowane suna mufuradi biyu, namiji ko tamace: rana ta faɗi, wata ya fito, Kano ta cika. Tsohon Turanci ma haka ya ke, har da jinsi na uku. A cikinsa "sunne", rana, tamace ce, "mona", wata, namiji ne, daidai da namu da na Larabci. Amma "wif", mace, tana cikin jinsi na uku, "wifmann" kuwa, wadda ta zama "woman", namiji ce a nahawu. Duk wannan ya rushe kafin ƙarshen ƙarni na 14. Ba abin mamaki ba ne, don Hausar da a ke yi a Gana ma ta yar da jinsi. Yau "he" na namiji ne, "she" ta mace, "it" ta sauran abubuwa, kuma "it" ɗin nan ita ce ba mu da takwararta. Al'adar kiran jirgin ruwa "she" tana ja da baya. Jaridar jiragen ruwa ta Lloyd's List ta koma ga "it" a 2002. Wajen mallaka, Hausa tana duban ɓangare biyu: a "rigarsa" harafin "r" na riga ne, "sa" na mai riga. Turanci mai abu kaɗai ya ke dubawa, "his gown", "her horse". Faransanci kuwa abin da aka mallaka ya ke dubawa, don haka wanda ya fara da shi ya kan ce "his father" yana nufin uban yarinya.

Inda mu ke da "ka" da "ki" da "ku", Turanci "you" kaɗai gare shi. Asalinta jam'i ce kuma maf'uli. "Ye" ce fa'ili, "thou" ce mufuradi. An riƙa kiran babban mutum da jam'i don girmamawa, kamar yadda waɗansunmu ke ce wa dattijo "ku", har "thou" ta fita daga daidaitaccen harshe a ƙarni na 17. Mutanen ƙarni na 18 sun nemi su maido da bambancin, suna cewa "you was" ga mutum ɗaya, "you were" ga jama'a. Robert Lowth, wanda daga baya ya zama Bishof na Landan, ya yi tir da wannan cikin nahawunsa na 1762, ra'ayinsa kuwa ya ci. Na kawo wannan ne don a ga cewa waɗansu dokokin da mu ke dukan yara a kansu hukuncin mutum ne, kuma da an bar harshen da ya bi wata hanyar da ba ta rasa hikima.

Haka labarin "they" ya ke. Ita da "them" da "their" aro ne daga harshen mutanen Sikandinebiya. Chaucer, wanda ya mutu a 1400, yana rubuta "they" amma bai karɓi sauran biyun ba tukuna. Tun ƙarni na 14 Turawa ke amfani da ita ga mutum ɗaya wanda ba a san jinsinsa ba, kamar a ce "Everybody must bring their book". Ann Fisher, wata malama a Newcastle, ta rubuta a nahawunta na 1745 cewa "he" ta wadatar ga namiji da mace, marubutan nahawu suka bi ta, har wata dokar Majalisar Ingila ta 1850 ta ce lafazin namiji cikin dokoki ya haɗa da mace. Wannan ya yi daidai da namu "Kowa ya kawo littafinsa", shi ya sa bai taɓa damun ɗalibanmu ba. Amma "they" ba ta mutu ba, manyan marubuta irin su Jane Austen sun yi ta amfani da ita, kuma ƙamus na Merriam-Webster ya zaɓe ta kalmar shekara a 2019. Shawarata ita ce kada malami ya ja layi a ƙarƙashinta. Ɗalibin da ke tsoron mai duba jarrabawa sai ya mai da jimlar jam'i gaba ɗaya: "All pupils must bring their books".

Bambancin fa'ili da maf'uli ya rage a lamirai kaɗai, "I" da "me", "he" da "him", "she" da "her", "we" da "us", "they" da "them", "who" da "whom". Wannan ba ya ba Bahaushe wuya, don ya san "na" da "ni". "It is me" magana ce karɓaɓɓiya, kada a ɓata lokaci a kanta. "Between you and I" kuwa ta fito ne daga yawan gyara, an tsorata yaro da "me" har ya guje ta inda ta dace. Inda ƙarfin malami ya kamata ya tafi shi ne jimlar sila. Mu kan ce "wuƙar da na yanka nama da ita", "mutumin da na gaya masa", "yaron da na ga ubansa", lamiri yana dawowa ya riƙe gurbin sunan, kamar yadda "a'id" ke yi a Larabci. Turanci ya kan bar gurbin fayau: "the knife which I cut the meat with", "the man whom I told", "the boy whose father I saw". Kuma "wanda", "wadda", "waɗanda" jinsi da adadi su ke bi, alhali "who" da "which" mutum da wanda ba mutum ba su ke rabawa.

Wuri ɗaya ne duk waɗannan igiyoyi ke haɗuwa, shi ne 'yar tambayar da a ke liƙawa a ƙarshen jimla. Mu "ko ba haka ba?" ta ishe mu ko'ina, saboda haka "isn't it?" ta zama ta kowa da kowa a Turancin Nijeriya, kamar yadda ta zama a Indiya. A daidaitaccen Turanci kuwa sai an nemo fa'ili an mai da shi lamirin da ya dace, an nemo fi'ili mataimaki da lokacinsa, sa'an nan an juya tabbatarwa ta koma korewa: "Binta sings well, doesn't she?", "The police have come, haven't they?", "Everybody is here, aren't they?". A lura da ta ƙarshen nan, inda "is" ta bi kama, "they" ta bi ma'ana, cikin numfashi ɗaya. Minti biyar na wannan wasa da baki a farkon kowane darasi, malami ya faɗi jimla ɗalibai su liƙa mata wutsiya, zai nuna masa wanda ya kama jituwa da wanda ya haddace dokarta kawai.